Darasin Koriya ta Kudu ga masu jiran 5G a Babura

Ranar 3 ga Afrilun 2019 Koriya ta Kudu ta ƙaddamar da sabis ɗin 5G, tana rige-rige da Amurka a kan wanda zai fara a duniya. Kamfanoninta uku, SK Telecom da KT da LG Uplus, suka cika gari da talla cewa gudun intanet zai kai gigabit 20 a daƙiƙa, ninkin 4G sau 20. Jama'a suka sayi sabbin wayoyi masu tsada, suka koma tsarin biya mafi tsada. A watan Mayun 2023 hukumar kula da adalci a kasuwanci ta ƙasar ta ci kamfanonin tarar won biliyan 33.6 saboda sun yaudari masu saye. Matsakaicin gudun da aka auna a 2021 bai wuce gigabit 0.8 ba. Wannan ma gudu ne mai yawan gaske, amma ba shi aka sayar wa mutane ba.

Dalilin giɓin yana da sauƙin ganewa ga duk wanda ya taɓa murɗa rediyo. Zango-zango ne. Gigabit 20 ɗin nan lissafi ne na zangon gigahaz 28, wanda ke ɗaukar kaya da yawa amma ba ya nisa, bango kan tare shi, ganyen bishiya ma kan rage masa ƙarfi. Kafin ya yi aiki sai an dasa na'urori kusa da kusa. Gwamnati ta sa wa kowane kamfani sharaɗin dasa 15,000, suka dasa kusan kashi ɗaya bisa goma suka tsaya, don kuɗin ba zai fita ba. A ƙarshen 2022 aka ƙwace lasisin zangon daga KT da LG Uplus, a 2023 aka ƙwace na SK Telecom. Ƙasa ce mai arziki, mutanenta a cunkushe cikin birane, wutar lantarki ba ta ɗaukewa, duk da haka alƙawarin takarda bai isa hannun mai waya ba.

Mu ma mun sha irin wannan buri. A Disambar 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ƙarƙashin Farfesa Umar Garba Ɗanbatta, ta yi gwanjon zangon gigahaz 3.5, MTN da Mafab suka saya a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. A 2022 MTN ya fara 5G a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri, Airtel ya biyo baya a 2023. Tun daga lokacin matasanmu a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura ke tambayar yaushe zai iso. Ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau. Sai dai ina ganin tambayar ta tsallake wadda ta fi ta muhimmanci.

A je kasuwa ranar da ta ci, a tsaya gaban mai POS. Mutum ya sayar da buhun riɗi, mai saye ya ce ya yi taransifa, ga shaida a wayarsa, amma alat bai shigo ba. Mai POS ya ɗaga na'urarsa sama, ya juya gabas, ya cire layi ya sa wani, mutane na tsaye a rana suna jiran a ce sabis ya dawo. Saƙon da suke jira bai kai nauyin hoto ɗaya ba. Abin da ya hana shi wucewa shi ne ƙarfen sabis ɗaya da jama'ar kasuwa duka suka rataya a kansa. Kamar famfon tuƙa-tuƙa ne: da asuba kai kaɗai ka cika jarka nan take, da hantsi kuwa layi ya yi tsawo, ruwan bai ƙaru ba. Wanda ya ga wahalar canjin kuɗi a farkon 2023 ya san wannan jira.

Bayan cunkoso akwai abin da ke bayan ƙarfen. Idan ba a ja masa wayar faiba a ƙarƙashin ƙasa ba, sai dai ya riƙa miƙa saƙo ta iska zuwa wani ƙarfen, kuma abin da wannan hanya ke ɗauka yana da iyaka. Idan janareta ya tsaya don dizal ya yanke, ko ɓarayi sun kwashe batura, sabis ya tafi ko da wace lamba aka rubuta masa. Wayar hannun ma da nata, domin da yawa daga cikin manomanmu ƙaramar waya mai madannai suke riƙewa.

Akwai alƙawarin da ya fi kusa da mu, kuma a rubuce yake. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025, wanda aka ƙaddamar lokacin Minista Isa Ali Pantami, ya ce a samu aƙalla megabit 25 a daƙiƙa a birane, megabit 10 a karkara, kuma gigabait ɗaya na data kada ya wuce naira 390. A Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari, kamfanoni suka ce da kuɗin za su inganta sabis. To, megabit 10 ɗin nan 4G mai kyau yana bayar da shi cikin sauƙi, musamman a ƙananan zanguna irin megahaz 700 da 800 da ke tafiya nesa su ratsa ƙauyuka. Ya ishi ɗalibin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021 ya bi darasi ta bidiyo, ya ishi yaro ya duba sakamakon JAMB ba tare da ya hau mota zuwa wani gari ba.

Abu biyu Koriya ta yi da ya kamata mu ɗauka. Ma'aikatar kimiyya da sadarwarsu kan auna gudun kowane kamfani duk shekara ta buga wa jama'a, shi ya sa da aka zo batun tarar talla akwai alƙaluman da za a ɗora a kan tebur. Sannan a karkara, inda mutane ba su da yawa, a 2021 aka sa kamfanonin uku su raba yankuna, kowa ya gina a nasa, masu layin sauran su hau kai. Aikin ya kammala a 2024. Wannan dabara ta dace da ƙauyukan Gwiwa da Roni da na bakin iyakar Nijar, inda kowane kamfani ke ganin dasa nasa ƙarfen asara ce.

Kazaure ta daɗe da cibiyar koyar da fasahar sadarwa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga kuma Kwalejin Hussaini Adamu, ga jami'ar Babura. Ɗalibansu za su iya zagaya mazaɓa-mazaɓa da wayoyinsu, su auna gudun kowane layi safe da yamma da ranar kasuwa, su rubuta. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu da 'yan majalisarmu su karɓi wannan rubutu su kai wa NCC da asusun USPF, wanda aka kafa musamman don wuraren da kamfanoni ba sa zuwa, su nemi a cika megabit 10 da aka yi mana alƙawari. Kai kuma mai karatu, idan ka kai wa kamfaninka ƙorafi bai saurare ka ba, lambar NCC ita ce 622, kuma kiran kyauta ne.