Haddar umarni ba ita ce iya saita suwic ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan Arewa da ke karanta kimiyyar kwamfuta a jami'o'in Kudu.

Da yawanmu mun haddace umarnin suwic ɗin Cisco kamar karatun allo, mun ci jarrabawa, amma a ajiye mana na'urar a gaba sai ido ya raina fata. A ganina abin da ya kamata a fara koya shi ne gane inda kake tsaye, kuma alamar da ke farkon layi ce ke faɗa maka.

Ka ɗauki suwic kamar gidan Bahaushe. In ka ga Switch> kana zaure ne, leƙe kawai za ka yi. Ka rubuta enable, alama ta koma Switch#, ka shiga tsakar gida, kana iya ganin komai da show running-config. Sai configure terminal ya kai ka Switch(config)#, nan ake canza abin da ya shafi gidan gaba ɗaya, kamar sunan na'urar. In kuma rami ɗaya kake son gyarawa, interface fastEthernet 0/1 zai shigar da kai ɗakinsa, Switch(config-if)#. Exit na mayar da kai baya mataki ɗaya, end ko Ctrl+Z kuwa kai tsaye tsakar gida.

Yawancin "Invalid input" ɗin da ke sa mutum gumi, umarnin daidai ne, a ɗakin da ba nasa ba aka rubuta shi. In ka rikice ka danna ?, suwic ɗin zai jero abin da yake karɓa a wurin.

Sai babban abu a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama: duk abin da ka saita yana cikin RAM ne. In ba ka koma Switch# ka rubuta copy running-config startup-config ba, NEPA na ɗaukewa aikin awa uku ya tafi.

Wani zai ce lab ɗinmu ba kayan aiki. Gaskiya ne, amma Packet Tracer kyauta ne a Cisco Networking Academy, kuma ƙaramar laftof na ɗaukarsa. Ranar intabiyu ko jarrabawar CCNA 200-301, ba wanda zai tambayi makinka na aji uku, iya saita suwic ɗinka za a gwada.

Don Allah a buɗe shi yau, ko minti 30 ne. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.