Gayya a Gonar Ilimi

Idan malaminku ya ba ku aikin gida, ya ce ku rubuto tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, ko ku bayyana yadda ake rini a marinar Ƙofar Mata ta Kano, na san inda yawancinku za ku fara dosa. Za ka ɗauki waya, ka rubuta sunan abin da kake nema, sai ga shafin Wikipedia a sahun gaba. Wasu malamai suna hana ɗalibai buɗe shi sam, don a cewarsu kowa yana iya rubuta abin da ya ga dama a ciki. Wasu ɗalibai kuwa kwafe shi suke yi kalma bayan kalma, kamar dai kuskure ba ya shiga cikinsa. A ganina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa, domin ba su tsaya sun duba yadda ake yin aikin ba. Kai da kake koyon Hausa, ko ke da kike koyonta, maganar ta shafe ku fiye da yadda kuke zato.

A ƙasar Hausa, idan aikin gona ya yi wa mutum yawa, yakan kira gayya. Samarin gari su fito da fartanya da garma, makaɗa na kiɗa, a noma gonar a yini ɗaya. Ba a biyan kowa lada, sai dai a ci tuwo a sha fura. Yarbawa ma suna da irin wannan al'ada, suna kiranta owe, kuma da wuya ka sami wata al'umma a Nijeriya da ba ta da tata. To, Wikipedia gayya ce ta rubutu. Kundin ilimi ne da aka buɗe a intanet ranar 15 ga Janairu, 2001. Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka kafa shi a Amurka. Kafin nan sun gwada wani kundin mai suna Nupedia, wanda masana kaɗai ke rubutawa, kuma sai muƙala ta bi matakai bakwai na tacewa kafin ta fito. Har aka rufe shi a 2003, muƙalun da aka kammala ba su kai 30 ba. Shi kuwa sabon kundin da aka buɗe wa kowa ƙofa, a shekararsa ta farko ya tara muƙalu wajen 20,000. A yau ana rubuta shi cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa da Yarabanci da Ibo da Fulatanci. Gidauniyar Wikimedia ce ke kula da na'urorin da ke ɗauke da shi, da kuɗin gudummawar jama'a, amma ba ita ke rubuta muƙalun ba. Masu aikin sa-kai ne ke rubutawa: malamin makaranta bayan an tashi, ɗaliba a lokacin hutu, tsohon ma'aikaci da ya ajiye aiki.

Sai dai akwai bambanci guda tsakanin gayyar gona da wannan. A gona, mai gona yana bin bayan masu noma, yana duba kunyar da aka tsallake. A Wikipedia babu wanda ya mallaki muƙala. Wanda ya fara ta ba shi da ikon hana wani gyara ta. To, wa ke duba kunyar? Masu noman ne da kansu. Kowace muƙala tana da shafin tarihi, inda ake ajiye duk gyaran da aka taɓa yi mata, da ranar da aka yi, da sunan wanda ya yi ko wata alama tasa. Idan wani ya ɓata, ana iya mayar da rubutun yadda yake a cikin daƙiƙa kaɗan. Akwai kuma shafin tattaunawa, inda ake jayayya, wani lokaci har tsawon makonni, a kan jimla ɗaya tak.

Abin da ke raba wannan gardama shi ne madogara. Ka'idar gidan ita ce, duk maganar da za a iya musu a kanta, sai an nuna inda aka samo ta: littafi, ko jarida, ko mujallar masana, ko rahoton wata hukuma da aka amince da ita. Ba a tambayar ka digiri nawa gare ka. Ko kai farfesa ne, idan ka ce “ni na sani”, za a amsa maka da “a ina aka rubuta?” Waɗannan ƙananan lambobi da kake gani a ƙarshen jimloli, kana tsallake su, su ne ginshiƙin ginin gaba ɗaya. Wannan ba baƙon abu ba ne ga malaman zaure na ƙasar Hausa, waɗanda tun tuni ba sa karɓar hadisi sai sun ji isnadinsa, wato wa ya ji daga wa.

Kada ka zaci tsarin ba ya zuba. A watan Mayu na 2005, wani mutum ya shiga Wikipedia ta Ingilishi, ya rubuta ƙarya a tarihin wani dattijon ɗan jarida na Amurka, John Seigenthaler. Ya ce wai an taɓa zargin sa da hannu a kisan Shugaba John Kennedy da ƙanensa Robert, alhali kuwa mutumin ya yi wa Robert aiki ne. Babu madogara ko ɗaya a jikin maganar, amma ta zauna wajen wata huɗu ba a goge ba, har wasu shafuka suka kwafe ta. Da aka gano wanda ya rubuta, sai ya ce wasa yake yi. Wasa da mutuncin mutum! Bayan wannan abin kunya ne aka hana wanda bai yi rajista ba ƙirƙirar sabuwar muƙala a sashen Ingilishi, aka kuma tsananta ka'ida a kan rubutun da ya shafi mutanen da ke raye. A ƙarshen wannan shekara mujallar kimiyya ta Nature ta sa masana suka tantance muƙalu 42 daga Wikipedia da makamantansu daga tsohon kundin Britannica. Aka sami kuskure kamar huɗu a kowace muƙalar Wikipedia, kamar uku a ta Britannica. Kamfanin Britannica bai yarda da binciken ba, amma abin lura a nan shi ne, babu ɗayansu da ya fita tas.

Saboda haka shawarata gare ka ita ce, ka karanta muƙala daga ƙasa. Ka fara duba jerin manazarta kafin ka yarda da abin da ke sama. Idan ka ga bayani mai tsawo babu lamba ko ɗaya, ko ka ga alamar da ke cewa ana buƙatar hujja, ka riƙe shi a matsayin “an ce”. Idan kuwa akwai lamba, ka bi ta, ka ga ko littafin ya faɗi abin da aka jingina masa. Wannan littafin za ka ambata a aikin gidanka.

Yanzu ga labarin da ya sa na ce maganar ta shafe ka. A Sikotland da ke arewacin Birtaniya akwai wani harshe da ake kira Sikot, ɗan'uwan Ingilishi ne amma yana da kalmominsa da nahawunsa da adabinsa. Shi ma yana da tasa Wikipedia. A watan Agusta na 2020 wani mai karatu ya fallasa cewa muƙalu fiye da 20,000 da ke ciki, wani matashi ne ɗan Amurka ya rubuta su, kuma ba ya jin harshen. Ya fara tun yana ɗan shekara 12. Abin da yake yi shi ne, ya ɗauko jimlar Ingilishi, ya duba ƙamus, ya musanya wasu kalmomi, ya sauya wa sauran haruffa yadda yake zaton masu harshen suna furtawa. Shekara wajen bakwai yana wannan aiki, ba dare ba rana, ba a biyan sa ko kwabo. Yaron ba mugu ba ne, taimako ya nufa. Amma masu harshen da suka gani sun fusata, domin duk baƙon da ya buɗe shafin zai ɗauka harshensu Ingilishi ne da aka karkata wa baki. Daga baya masu jin harshen suka haɗa tasu gayyar, suna gogewa suna gyarawa.

Ni ban ɗora wa yaron dukan laifin ba. Ya daɗe yana noma shi kaɗai a gonar da masu ita ba sa leƙawa. Inda masu gyara suke da yawa, kamar sashen Ingilishi, ɓarna ba ta cika daɗewa a muƙalar da jama'a ke yawan karantawa ba. Inda suke kaɗan, kuskure yakan yi saiwa. Harsunanmu na Nijeriya suna da miliyoyin masu magana, amma masu zama su duba rubutun wani ba su kai ko kusa da na Ingilishi ba. Ga kuma na'urar fassara a hannun kowa. Cikin minti ɗaya mutum zai iya zuba mata shafin Ingilishi, ta amayo masa wani abu mai kama da Hausa, ya liƙa, ya ƙirga shi a cikin muƙalunsa. Kalmomin na Hausa ne, amma jimlar ba ta Bahaushe ba ce. Kuma ita kanta na'urar, daga rubutun da ke intanet take koyon harshe, har da na Wikipedia. Ka ga ke nan gurɓataccen rubutu ya koma cikinta, ta sake haifo irinsa.

Wataƙila ka ce, to ai ni ma mai koyo ne, gara in kame hannuna. Ban yarda ba. Kana da abin da ɗan Katsina ko ɗan Damagaram ba shi da shi. Idan a Anambara kake, ka san Igbo-Ukwu, inda Thurstan Shaw ya haƙo kayan tagulla na dā a 1959 da 1960. Idan a Abekuta kake, ka san Dutsen Olumo, ka kuma san a garinku aka fara buga jaridar Iwe Irohin a 1859. Wanda ke Aba ya ji labarin boren mata na 1929, kuma ɗakin karatun makarantarsa ba zai rasa littafin da ya kawo shi ba. Mai karatun Hausa yana da haƙƙin sanin waɗannan abubuwa cikin harshensa, kuma kai ne ke kusa da madogaran. Haka nan kana iya kai labarin Abubakar Imam da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, zuwa harshenka na gida.

Abin da nake roƙonka shi ne ka shiga gayyar da ladabin baƙo. Ka fara da ƙaramin aiki. Ka ga an rubuta “kafa” inda ake nufin “ƙafa”, ko “bari” a wurin “ɓari”, ko “kasa” maimakon “ƙasa”? Sa wa harafin ƙugiyarsa. Wannan ma aiki ne, domin ƙugiyar nan ita ke raba ma'ana da ma'ana. Ka ga magana ta gaskiya babu hujja, kuma kana da littafin a hannu? Ƙara sunan littafin da marubucinsa da shekara da lambar shafi. Idan lokacin rubuta taka muƙalar ya yi, jimla goma da ka fahimci kowace kalma a cikinsu sun fi shafi uku da na'ura ta zubo maka. Ka rubuta da kalmominka, domin kwafe littafin wani sata ce, kuma za a goge. Kafin ka saki rubutun, ka kai wa malaminka na Hausa, ko wani da ya tashi da harshen. A Sabo ta Ibadan, ko Agege ta Legas, ko Ama Hausa ta Owerri, ba za ka rasa mai karanta maka ba. Sannan ka rubuta a shafin tattaunawa cewa kai mai koyo ne, kana son a duba maka. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai ƙorafi guda da na san za ka yi, kuma yana da ƙarfi. Tarihin garuruwanmu da yawa a bakin tsofaffi yake, ba a takarda ba. Kakarka ta san yadda aka kafa kasuwar garinku, amma Wikipedia ba za ta karɓi “kakata ta ce” ba, alhali tana karɓar littafin Baturen da ya kwana uku a garin. Wannan yana da ciwo, kuma masu aikin sa-kai da kansu sun daɗe suna muhawara a kai. Duk da haka ina goyon bayan ka'idar. Ran da aka buɗe ƙofa ga “an gaya mini”, kowane gida zai ce kakansa ne ya sari garin, kuma mai wasa da mutuncin mutane irin na 2005 zai sami mafaka. Maganin yana wajen kundin: a ɗauki muryar tsohuwar, a rubuta, a kai wa masu bincike a jami'a ko wata jarida mai tace labari su buga. Daga nan maganarta ta zama abin da wani zai iya dubawa.

Ka kuma shirya wa ranar da za ka buɗe muƙalarka ka tarar wani da ba ka sani ba, wataƙila daga Kumasi ko Yamai, ya goge rabin abin da ka kwana kana rubutawa. Za ka ji zafi, babu shakka. Kada ka yi gaggawar mayar da rubutun. Buɗe shafin tarihi ka karanta dalilin da ya bayar. Idan nahawu ya gyara, kwafe gyaran a littafinka na aji, ka kwatanta da abin da ka rubuta da farko. Idan kuwa kana ganin kai ke da gaskiya, je shafin tattaunawa, ka yi masa sallama, ka kawo sunan littafin da lambar shafin, ka jira amsarsa.