Wai a duk Arewa babu macen da ta iya riƙe almakashi?

Yayata ta tashi daga doguwar jinya a watan Afrilu, lokacin da zafi ke dafa mutum a cikin ɗakinsa. Wata biyu ba a taɓa kanta ba. Gashin ya cukurkuɗe, na gaban goshi kuwa dama kitso ya daɗe da cinye shi. Buƙatarta ɗaya ce: a rage shi ya dawo gajere daidai wa daida, ta riƙa wankewa da safe ta ɗaura kallabinta. Mun yi kwana tara a Gesheme muna neman wadda za ta yi mata wannan ɗan aikin, ba mu samu ba.

Makitsiyar unguwarmu, wadda ta yi mana kitso tun muna 'yan firamare, riƙe baki ta yi. "Haba 'yar nan, mace da aski? Mijinki ya sani?" Da muka nace sai ta faɗi gaskiya, ba ta taɓa yanke gashin kowa ba. Shuku da kalaba da zane duk a hannunta suke, almakashi kuwa sai na yankan zare.

Wanzami fa? Ba na raina wanzamai. Su ke askin suna, su ke kaciya da ƙaho, kuma zabirarsu ta girmi duk wani shagon zamani. Amma aska ba ta san ragi ba, ƙwalƙwal kawai ta sani. Samarin da ke da injin aski a bakin kasuwa sun iya saisaye, sai dai maza ne, kuma babu matar auren da za ta buɗe kanta a gaban namijin da ba muharraminta ba, a shagon da majalisar 'yan shayi ke ƙofarsa.

Sai muka hau mota zuwa Dogon Dutsi. A wani shagon gyaran gashin mata, mai shagon ta taɓa kan yayata ta yatsine fuska, ta ce sai an fara shafa man miƙar da gashi, rilaksa, sannan za ta iya yankewa, wai wannan gashin "ba ya yankuwa haka nan". Wannan maganar ce ta sa na zauna rubutu. Gashin da ke kan mai shagon, da na uwarta, da na duk wanda ya wuce ƙofarta, shi ne wanda ba ya yankuwa? Abin da ta koya shi ne gashin kanti da wanda magani ya kwantar. Na Allah da ke kanmu ya zama baƙo a hannunta.

Kuma ba wani sirri ba ne. Gashinmu a nannaɗe yake, yana miƙewa idan an ja shi, ya koma ya takure idan an saki. Wadda ta ja shi ta yanke za ta ga ya yi daidai a hannunta, da an wanke sai wani gefe ya yi tudu wani ya yi kwari. Ana yankansa ne a bushe, bayan an taje shi da mataji mai faɗin haƙora ya tashi tsaye, a riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan ana ja da baya ana dubawa. Yaron da ya yi wata shida a shagon aski ya san wannan. An dai hana 'yan mata saninsa ne.

Shi kuma man da ake cusa mana, a watan Oktoba na 2022 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar da sakamakon bibiyar mata sama da 33,000. Waɗanda ke shafa irin wannan man fiye da sau huɗu a shekara, haɗarin kamuwarsu da kansar mahaifa ya ninka na marasa shafawa fiye da sau biyu. Masu binciken alaƙa suka ce sun gani. Ni dai ba zan ɗora shi a kan matar da ta tashi daga ciwo don kawai mai shago ba ta iya aikinta ba.

Na san abin da za a ce: addini. To a bambance. Aske kan mace tas daban, rage shi daban. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito cewa matan Annabi (SAW) sun kasance suna rage gashinsu. Malamai sun yi sharaɗin kada a kwaikwayi maza, kuma da yawa sun ce a nemi yardar miji. Yayata ta nema, ya ce ta yi abin da zai ba ta lafiya. Abin da ya rage ba fatawa ba ne, gulmar gidan biki ce, inda ake auna mace da tsawon jelarta ko da jelar ta roba ce da aka sayo jaka biyu.

Ga cibiyoyin koyon sana'a a garuruwanmu, ana ta tura 'yan mata ɗinki har teloli sun kusa fin masu kawo yadi yawa. Me zai hana a koya wa goma daga cikinsu aski? Inji mai caji, almakashi, mataji, madubi, sai ɗaki a cikin gida inda namiji ba ya shiga. Ko lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agusta na 2023, masu askin maza da ɗan faifan hasken rana suka ci gaba da cin abincinsu. Kuma masu buƙata suna nan: mai jego, mai jinya, tsohuwar da kitso ke sa wa ciwon kai, yarinyar da makero ya kama ana ta kitse shi a ciki.

A ƙarshe ni na yi wa yayata, a tsakar gida, da almakashin ɗinkin Inna. Gefen hagu ya fi na dama tsawo. Da ta duba madubi ta yi dariya har da hawaye, ta ce in bari haka kar in ƙarasa ɓata shi.