A Ofis Muna Riƙe Kashi 5, a Gida Muna Miƙa Duka

Tun da farashin siminti ya haukace a farkon 2024, har buhu ya haura naira dubu 10, kusan kullum sai na ga wani a nan Facebook yana zagin masu aikin hannu. Mai tayil ya gudu da kuɗi, mai aikin famfo ya kashe waya, birkila ya yi aikin banza. Ni ma an yi min, kuma na yi zagin. Amma yau da kaina zan fara, sannan in dawo kanku, domin rabin laifin namu ne.

Ciwon gwiwa ne ya hana Hajiyarmu tsuguno, sai na yanke shawarar gyara mata banɗakin ɗakinta: a sa masai na zama, a sa shawa, a canza tayil. Ƙanin matata ya kawo min wani yaro, ya ce, "Yaya, wannan namu ne, unguwarmu ɗaya, ba sai an yi dogon turanci ba." Yaron ya leƙa banɗakin, ko awo bai yi ba, ya faɗi kuɗi a dunƙule, kaya da aiki. Na nemi ragi, ya rage. Ya ce kaya na tashi kullum, gara in ba shi ya sayo gaba ɗaya. Nan take na tura masa kusan duka kuɗin. Ko layi ɗaya ba mu rubuta ba.

Aikin da aka ce kwana goma sai da ya ci wata biyu. Da aka gama, Hajiya ta yi wankan farko, ruwa ya ƙi tafiya. Ashe gangarar daɓen wajen ƙofa ta nufa, magudanar tana can a kan tudu. Tayil ɗin da ya shimfiɗa a ƙasa mai sheƙi ne, irin na bango, da ya jiƙe sai santsi. Rana ta uku ƙafarta ta zame, Allah Ya sa ta kama ƙofa. Tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu! Bayan sati uku fentin ɗaya gefen bangon ya fara kumbura, domin an rufe bututu da siminti ba tare da an saki ruwa an gwada mahaɗarsa ba. Na kira shi, ya ce, "Yallaɓai, ai ba mu yi da kai zan yi wannan ba." Na buɗe baki zan ce mun yi, sai na tuna ba ni da abin nunawa.

Abin da ya fi ba ni haushi, shekara goma sha ina ganin fayil ɗin kwangila yana wucewa ta tebur ɗina. Dokar sayayya da bayar da kwangila ta tarayya, lokacin da aka kafa ta a 2007, kashi 15 cikin 100 kacal ta yarda a ba ɗan kwangila kafin alƙalami, shi ma sai ya kawo lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Ragowar kuɗin sai an je an duba aiki an sa hannu. Ko an gama, a al'adar kwangilar gini ana riƙe kashi 5, galibi na wata shida, don a ga ko wani abu zai ɓaci. Kar wani ya ce min ai ana sata a gwamnati. Na sani, na fi ku sani. Amma ana sata ne ta hanyar tsallake waɗannan ƙa'idoji, wanda ya bi su yakan ga aikinsa. Ni da na haddace su saboda kuɗin gwamnati, da aka zo kan guminmu da lafiyar uwata sai na ajiye su a bakin ƙofa.

Me ya sa? Kunya. A wajenmu, ka ce wa mutum "mu rubuta" kamar ka ce masa ɓarawo ne. Ka ce za ka riƙe wani abu sai ka gwada aiki, sai a ce ba ka da tawakkali, ko ka wulaƙanta wanda ya kawo shi. Jama'a, daga ina muka samo wannan? Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, kuma muminai aka yi wa umarnin. To wane ne mu da za mu fi ƙarfin takarda?

Na san abin da wasu za su ce. Wai masu aikinmu ne ba su iya ba, shi ya sa masu hali ke ɗauko masu tayil daga Benin da Togo. Akwai gwanaye a cikinsu, ban musa ba. Amma ku lura da yadda muke mu'amala da baƙon: muna tambayarsa aikin da ya taɓa yi, muna zuwa mu gani, muna biyansa daki-daki, ba ma jin nauyin ce masa ya fasa ya sake. Ɗan unguwa kuwa sai mu miƙa masa kuɗi mu tafi ofis, mu dawo mu ga ɓarna mu yi shiru saboda babansa abokin baba ne. Bayan wata shida mu zo nan mu zagi duk masu sana'ar ƙasar.

Wasu kuma za su ce talaka nake so a matsa wa. Ku tambayi kowane mai aikin famfo mutum nawa yake bi bashi. Mu ma'aikata mun fi kowa iya cewa "sai an yi albashi". Mu ne muke canza ra'ayi ana tsakiyar aiki, mu ce a matsar da shawa, a ƙara famfo, sannan mu ƙi ƙara ko sisi. Takardar da ta kare ni ita za ta kare shi ranar da na so in cuce shi. Mai gaskiya ba ya gudun rubutu, daga kowane ɓangare yake.

A karo na biyu, da aka fasa aka sake, ga yadda na yi. Na kira mutum uku, kowa ya auna ya rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Na je gidaje biyu da wanda na zaɓa ya yi wa aiki sama da shekara ɗaya, na tambayi masu gidan. Tare muka je Ƙofar Ruwa, na biya kuɗin kaya da hannuna, na zaɓi tayil ɗin ƙasa mai kaushi. Kuɗin aiki muka raba huɗu: bayan fasa tsohon, bayan sa bututu, bayan tayil, na ƙarshe sai an yi sati biyu ana amfani da banɗakin. Kafin a rufe bututu an saki ruwa ya kwana a ciki. Kafin a ɗora tayil an toshe magudana, an cika daɓen da ruwa kwana biyu muna duba bango, sannan aka buɗe muka ga inda ruwan ya bi. Duk wannan a shafi ɗaya na littafin makarantar 'yata, ni da shi da shaidu biyu muka sa hannu, kowa ya ɗauki hoto a waya.

Kun san me ya ce da na miƙa masa biro? "Yallaɓai, da kowa zai yi haka, da ban yi asarar da na yi a baya ba."

Banɗaki ɗaya na biya sau biyu, kuma har yau ni da ƙanin matata gaisuwa ce kawai. Zumuncin da na ƙi rubutu don in kiyaye, rashin rubutun ne ya ɓata shi. Duk mai shirin taɓa gini a wannan tsadar, ya nemi biro kafin ya buɗe manhajar banki. Wanda ya ji haushin takarda, ka gode wa Allah da ya nuna maka halinsa tun kuɗinka na aljihunka.