Waiwaye: Gajimare da Gurbin da Ba a Shiga

Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, Kogin Kano ruwa ne mai lokaci. Da damina ya gangaro daga duwatsun Riruwai, ya keta dajin Falgore yana tumbatsa. Da rani ya janye, ya bar gurabu nan da can. Waɗannan gurabun ne iyaye ke hana yara kusanta, su ce akwai mai wurin.

Maguzawan ƙasar Kano suna da sunansa: Gajimare, macijin da ke kwance a rijiya ko gurbi mai zurfi, wanda in ya miƙe sama ya zama bakan gizo, ya shanye hadari. Daura ma akwai macijin ruwa a tarihinta, Sarki na rijiyar Kusugu, mai hana ɗiba sai ranar Juma'a. Har a ƙasashen Tailan da Lawos, mazauna bakin kogin Mekong suna girmama wani maciji da suke kira Naga, kuma duk shekara wajen watan Oktoba jama'a na cika lardin Nong Khai don kallon ƙwallayen wuta da suke cewa shi ke fesowa daga ruwa.

Karatu ya zo, tauhidi ya zauna, an bar yanka wa gurbi baƙin bunsuru, kuma alhamdu lillahi. Abin da ke damuna shi ne aikin da tsoron nan yake yi, wanda muka sauke ba mu ɗora wa kowa ba. Tsohuwar da ke cewa kada a shiga wuri kaza ta san nan ne ruwa ke juyi, ta san ɗan wa ya taɓa tafiya a nan. Macijin ƙage ne, amma zurfin gaskiya ne.

Yau ruwan ya ninka. Tiga ba ta ƙafewa, ga Ruwan Kanya, ga magudanan noman rani da suka nufi Kadawa, ga kududdufan da masu haƙar kuza suka bari a Riruwai. Yara na wanka a duka. A 2021 kwalekwale ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, fiye da mutum 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya.

Masunta da sarakunan ruwa na nan, sun san kowane lungu na madatsun nan. Su ya kamata dagatai da malaman makaranta su kira su koya wa yara iyo, su kafa alama a inda ke da zurfi, kuma kada kwalekwale ya bar gaɓa sai kowa ya sa rigar kariya.