Nijar da Najeriya: Kayan gwajin fiziks sun gagari makarantu, ga shi da yawansu na zube a kasuwannin kan iyaka

Tun daga watan Maris na 2024 da aka sake buɗe iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar, hankalin jama'a ya fi karkata ne ga farashin gero, wake, dabbobi da man fetur, kuma ba za a ga laifin kowa a kan haka ba, domin sai ciki ya cika ake neman sauran abubuwa. To amma akwai wani kaya da rikicin shekarun nan ya taɓa wanda ba a cika jin labarinsa a rumfunan Jibiya, Illela, Maigatari, Ɗan Issa ko Birnin Ƙonni ba, wato kayan gwaje-gwajen kimiyya da ake koya wa yara darasin fiziks da su a makarantun sakandare. Muna ganin ya dace 'yan kasuwa su tsaya su dubi wannan al'amari, saboda 'ya'yansu ne ke zaune a waɗannan azuzuwa, kuma saboda akwai ciniki a cikinsa ga wanda ya fahimce shi.

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Agustan 2019 gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗe su ba sai a Disambar 2020, inda Illela da Maigatari suka kasance cikin sahun farko. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, wanda ya jawo takunkumin ƙungiyar ECOWAS da sake rufe iyaka har na kusan wata takwas. A gefe guda kuma hanyar Kwatano, wadda ita ce babbar ƙofar shigo da kayan Nijar daga teku, ta toshe, har ya zamana manyan motoci sun koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. A Najeriya kuwa, dalar da ake saye kimanin Naira 460 a farashin gwamnati kafin watan Yunin 2023 ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Mafi yawan kayan ɗakin gwaje-gwaje daga waje ake shigo da su, musamman daga Sin da kuma Indiya, inda garin Ambala ya yi suna wajen ƙera su. Saboda haka duk abin da ya taɓa dala ko ya tsawaita hanya, kai tsaye yake faɗawa a kan farashinsu. Shugaban makarantar da kuɗinsa ba su kai na alli da gyaran kujeru ba, ba ya ma kawo maganar a ransa.

A ɓangaren Najeriya matsalar ta fi fitowa fili lokacin jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da NECO, domin fiziks na da takardar gwaji da hannu. Hukumar jarrabawa kan aika wa makarantu jerin kayan da za su tanada kafin ranar, kuma tambayoyin kan zagaya ne a kan fannoni kamar motsi da nauyi, haske, da lantarki. Ɗalibi zai buƙaci rula mai tsawon mita ɗaya, agogon ƙidayar daƙiƙa, sifirin, ƙananan duwatsun awo, gilashi mai kusurwa uku, allurai, batir, waya, da mitocin auna lantarki. Abin da iyaye da yawa suka sani shi ne, akwai makarantun da sai an ga wannan takarda tukuna ake fara neman kayan, wani lokaci ta hanyar aro daga wata makaranta ko karɓar kuɗi a hannun ɗalibai. Yaron da ya yi shekara uku yana kwafar zanen mitar lantarki daga allo, ranar jarrabawa ce ranar farko da zai riƙe ta a hannunsa. In ya faɗi sai a ce yaran Arewa ba sa son kimiyya.

A Nijar ma labarin bai sha bamban sosai ba, ko da yake tsarin karatun ya bambanta. Can ana haɗa fiziks da kemistiri a darasi ɗaya tun daga kolej, kuma masu neman BAC a rukunin C da D sun dogara a kansa ƙwarai. Makarantar da a wasu wurare ake fara shekarar karatu a cikin rumfar zana, ba a yi mata maganar ɗakin gwaje-gwaje. Ga kuma matsalar harshe: yaro yana fama da Faransanci, yana fama da lissafi, sannan abin da ake ba shi labari bai taɓa ganinsa da idonsa ba.

Abin mamaki shi ne, wannan yanki namu ba baƙo ba ne a fagen. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda babbar jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, an haife shi ne a Tasawa a 1929, kuma masanin fiziks ne da ya shafe shekaru yana jagorantar ofishin binciken hasken rana na ONERSOL, inda aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na girki masu aiki da rana. A littafin da ya wallafa a 1964 kan ilimi a Afirka, ya yi kira da a koyar da yara cikin harsunansu, a kuma haɗa karatu da aikin hannu. A Jihar Kano an buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a 1977, kuma likitoci da injiniyoyin da suka fito daga cikinsu sun isa shaida a kan abin da yaran talakawa za su iya in an ba su malami da kayan aiki. A Jigawa kuma marigayi Mohammed Bah Abba, wanda malamin makaranta ne, ya ɗauki tukwanen ƙasa biyu, ya saka ɗaya cikin ɗaya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya samar da hanyar adana tumatir da ganye na kwanaki ba tare da wutar lantarki ba. Wannan aiki ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Sirrin abin shi ne sirrin randar da ke kowane gida: yayin da ruwa ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa, yana tafiya da zafin da ke ciki. Wannan darasi ne sukutum a manhajar fiziks, kuma kuɗin kayan gwada shi bai kai na kwanon abinci ba.

A nan ne muke son 'yan kasuwa su buɗe ido, domin da yawa daga abin da ake koyarwa a shekarun farko na darasin yana nan a kan teburansu. Ɗauki sikeli. Duk mai sayar da nama ko hatsi ya san cewa in aka matsar da dutsen awo nesa da tsakiya, ƙarfinsa na rinjaya yana ƙaruwa. Da rula ɗaya da ƙusa da 'yan duwatsun awo, malami zai nuna wa aji cewa kilo ɗaya a nisan santimita 20 daga tsakiya yana daidaita kilo biyu a nisan santimita 10, kuma daga nan yaro zai gane dalilin da ya sa ɗan dako ke tura amalanke mai buhu biyar da ba zai iya ɗauka a ka ba. Zare mai tsawon mita ɗaya da aka ɗaura wa ƙaramin ƙarfe a ƙasa yana ɗaukar kusan daƙiƙa biyu ya je ya dawo, ko ƙarfen mai nauyi ne ko mara nauyi, kuma kowace wayar hannu tana da agogon da za a auna hakan da shi. Tsohuwar lasifikar rediyo tana da maganaɗisu a bayanta. Tsohuwar fanka ko caja tana da siririyar wayar jan ƙarfe, wadda in aka naɗe ta a jikin ƙusa aka haɗa da batir, ƙusar za ta ɗauki allura. Motocin wasan yara masu batir da ake jibgewa a kasuwa lokacin Sallah, kowace da ƙaramin injin da in aka juya shi da sauri da hannu zai iya kunna ƙaramin ƙwan tocila, wanda shi ne ainihin yadda janareta ke aiki. Sirinji biyu, babba da ƙarami, da ɗan siririn tiyo cike da ruwa, sun isa su bayyana yadda birkin mota da jak ɗin ɗaga tirela ke aiki. Madubi, tsohon tabarau, balan-balan, robar baka, duk suna da gurbinsu.

Wasu ƙasashe sun riga sun mayar da wannan tunani sana'a. A Indiya wani injiniya mai suna Arvind Gupta ya shafe shekaru da dama yana koya wa malamai yadda ake haɗa kayan wasan kimiyya daga tarkacen bola. A Ghana wasu matasa da suka yi karatu a jami'ar kimiyya ta Kumasi, ciki har da Charles Ofori Antipem, sun kafa kamfanin Dext, wanda ke haɗa ƙaramin akwatin gwaji mai girman littafi da yaro zai saka a jakarsa. Ita kanta Najeriya tana da cibiyoyin ƙera kayan kimiyya a Minna da Inugu ƙarƙashin hukumar NASENI, kuma an kafa su ne don a rage dogaro da na waje. Abin tambaya shi ne, me ya sa ɗan kasuwar Maigatari ko Maraɗi zai iya kawo maka kowane irin batir da caja daga Sin cikin makonni, amma ba a ga kayan Minna a rumfarsa ba? Mu a namu ganin, dalilin shi ne an bar harkar a hannun 'yan kwangila. Kayan na tafiya ne daga kamfani zuwa ma'aikata, daga ma'aikata zuwa sito, ba sa bi ta kasuwa inda malami ko uba zai sayi guda ɗaya da kuɗin aljihunsa. In kuma sun isa makaranta, sau da yawa akan kulle su a kabad don gudun kada wani abu ya fashe a tuhumi shugaban makaranta.

Sai dai kada a ɗauka cewa tarkace zai maye gurbin komai. Kayan wasa na sa yaro ya ga abu ya kuma yi tambaya, amma jarrabawa da aikin injiniya awo suke buƙata, kuma awo sai da ma'auni na gaskiya. Ba a haɗa mitar lantarki mai inganci da gwangwani, haka nan gilashi mai kusurwa uku sai an saya. A nan ne kuma haɗarin jabun kaya yake. Dutsen awon da aka rubuta wa giram 100 alhali bai kai ba, ko mitar da allurarta ke maƙalewa, sun fi rashin kayan illa, domin yaro zai yi aikinsa daidai ya samu amsa ba daidai ba, ya koma yana zargin kansa. Duk ɗan kasuwar da zai shiga wannan layi, ya nemi malamin fiziks ya gwada masa samfuri kafin ya sari katan.

Ribar abin ma ba a makaranta kaɗai ta tsaya ba. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, ƙasar da a lokacin take samun kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkinta daga maƙwabciyar tata, mutane sun ruga sayen faifan sola da batura, kuma har bayan dawo da wutar a 2024 kasuwar ba ta mutu ba. Wanda ya san cewa ƙarfin faifai shi ne adadin bolt sau adadin amfiya, zai saka mita a tsakar rana, in ya ga bolt 18 da amfiya 5 ya san abin da faifan ke bayarwa wat 90 ne, ko da an manna masa takardar 200. Dillalin da bai san wannan ba shi ake fara cuta a wurin sari, kafin shi ma ya cuci mai saye ba da saninsa ba. Masu gyaran waya, masu haɗa sola, masu gyaran famfon burtsatse da injin ban ruwa, duk da fiziks suke cin abinci, ko sun kira shi da wannan suna ko ba su kira ba. In kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ya fara aiki, za a nemi masu irin wannan ilimi, in ba a samu a gida ba a ɗauko daga wani wuri.

Akwai kuma batun harshe da ya sake tasowa. Kundin da hukumomin Yamai suka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Rubuta littattafan fiziks da Hausa da daidaita kalmominsu aiki ne na shekaru. Amma malamin da ke riƙe da maganaɗisu da ƙusa a gaban aji, tun yau zai iya bayani da harshen da yara ke ji, daga baya ya ba su kalmar Faransanci ko ta Ingilishi da za su rubuta a jarrabawa. Malaman da kansu ba su taɓa yin gwajin ba lokacin da suke ɗalibai, su ma suna buƙatar a zaunar da su a nuna musu, in ba haka ba akwatin zai koma kabad kamar na baya.

Kwamitocin iyaye, wato COGES a Nijar da SBMC a Najeriya, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke tara kuɗi duk mako don gyaran masallaci ko taimakon wanda gobara ta shafa, za su iya farawa da abu kaɗan: su tambayi malamin kimiyya na makarantar garinsu jerin abin da yake buƙata na zango ɗaya, su ware wanda za a samu a rumfunan kasuwa kyauta ko da araha, sauran kuma a haɗa oda ɗaya da makarantu uku ko huɗu a saro daga Kano ko Maraɗi. Kafinta zai yi maƙalai da allunan haɗa waya, mai walda ya yi sandunan rataya, mai gyaran rediyo ya ware maganaɗisu da waya daga matattun kayan da suka cika masa shago. Lokacin da ya fi dacewa a yi wannan shi ne farkon shekarar karatu, watan Satumba a Najeriya da Oktoba a Nijar, tun kafin takardar hukumar jarrabawa ta iso farashi ya tashi.