A Horar da Malamin Illela Kafin Facebook Ya Koyar da Ɗalibansa

Maudu'in wannan makon zai sosa wa wasu rai, amma gara a faɗe shi. Duk lokacin da rikicin Falasɗinu ya yi zafi, sai ka ga matasanmu suna ɗora hoton Hitila a Facebook suna yi masa kirari. Wasu kuma su ce kisan da aka yi wa Yahudawa ƙarya ce ta Turawa. Da yawa daga masu wannan rubutu suna da takardar NCE a hannu, gobe su ne za su tsaya gaban allo. Matsayina shi ne dole a horar da malamanmu su iya koyar da wannan tarihi, kuma malamin Illela ya fi kowa dalilin koyonsa.

Jahilcin yana da asali. Tun zangon karatu na 2009/2010 aka cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta sanar da dawo da shi, tare da horar da malamai 3,700, wato ɗari daga kowace jiha da Abuja. Malami ɗari ga makarantun jihar Sakkwato gaba ɗaya, ina za su kai? Kuma wanda bai karanta Tarihi yana ɗalibi ba, me zai ba yara in ba abin da ya tsinta a waya ba?

Me ya sa na ware Illela? Domin 'yan kilomitoci kaɗan ne tsakaninta da Birnin Ƙonni ta Nijar, kasuwa ɗaya ake ci, auratayya ɗaya ake yi. A watan Mayun 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa Ƙonni, ta ƙone garin, ta karkashe maza da mata da yara. A Maris na 1906 kuma sojojin Ingila suka shafe Satiru, kusa da Sakkwato, aka kashe kimanin mutum 2,000. Yaron da aka faɗa wa abin da ya sami kakanninsa ba zai sha wahalar gane abin da ya sami wasu ba. Malamin da aka horar zai fara darasi daga Ƙonni, ya bi da ɗalibansa har Jamus.

A can zai nuna musu cewa ba da bindiga aka fara ba. Hitila ya hau mulki a 1933. A 1935 aka yi dokokin da suka raba Yahudawa da 'yancin zama 'yan ƙasa, suka haramta auratayya da su. A Nuwamban 1938 aka farfasa shagunansu, aka ƙone wuraren ibadarsu. A Janairun 1942 manyan jami'an gwamnati suka zauna a Wannsee suka tsara yadda za a gama da su, kamar masu tsara kasafin kuɗi. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945 an kashe Yahudawa kusan miliyan shida. A sansanin Auschwitz kaɗai mutum fiye da miliyan ɗaya suka mutu. Jaridu da littattafan yara ne suka share fage, suna kamanta Bayahude da ɓera da annoba. Haka aka yi a Ruwanda a 1994, inda gidan rediyo ya riƙa kiran 'yan Tutsi kyankyasai. Mu da muke jin ana yi wa ƙabila guda kuɗin goro saboda laifin 'yan bindiga, ai gemun ɗan'uwanmu ne ya kama wuta.

Horon zai kuma koya wa malami bambance kalmomi. Abin da aka yi a Ƙonni kisan kiyashi ne na 'yan mamaya. Abin da 'yan Nazi suka yi kisan ƙare dangi ne, shiri na hukuma don kada ko jariri ɗaya na wata al'umma ya rage a doron ƙasa. Wanda ya cakuɗa su ya zalunci tarihin duka biyun.

Na san amsar da ke tafe a ƙasan wannan rubutu: "To Gaza fa?" Jinin yaran Gaza abin kuka ne, kuma ka rubuta a kansa da duk ƙarfin alƙalaminka. Amma yarinyar da aka jefa ɗakin iskar guba a 1942 ta mutu shekara shida kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Wane laifi ta yi wa Bafalasɗine? Duk wanda ya yabi Hitila don yana jin zafin Gaza ya amince da ƙa'idar a kashe yaro saboda asalinsa, kuma ita ce ƙa'idar da yake kuka a kanta. Ya kuma manta cewa Hitila ya ɗauki baƙar fata a ƙasƙantaccen jinsi. Da ya yi nasara, mai kirarin ma ba zai tsira ba.

Yanzu ga namu aikin. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato za su iya shirya bitar malamai, amma malami yana buƙatar abin karantawa da harshen da ɗalibinsa ke ji. Wannan kuwa mu ne masu yin sa. Mun cika intanet da labaran kishiya da na attajirin saurayi. Wa zai hana ɗayanmu ya tsallaka Ƙonni ya zauna da dattawa, ya rubuta abin da suka gada daga bakin kakanninsu? Wa zai hana wata ta rubuta shafi ashirin da Hausa mai sauƙi kan yadda Jamus ta tashi daga zagi zuwa kisa, ta tantance kowace shekara kafin ta buga?

Ranar 27 ga Janairu ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2005 don tunawa da wannan kisa. Ina ƙalubalantar wannan zaure: kafin ranar ta zagayo, mu samar da rubutu ko guda ɗaya da malamin aji uku a Illela zai iya shiga aji da shi. Wanda ya ɗauki aikin ya sanar da mu a nan.